Tambayar da Ba a Yi wa Baƙo a Gidan Baba

Shekarun da nake zuwa Guangzhou saro kaya ban iya karatun boko ba. Sai daga baya, da furfura ta kama ni, na shiga ajin manya a unguwarmu a Kano. A wancan lokaci ko sunan tashar jirgin ƙasa ba na iya karantawa, balle zanen Sinawa da ke jikin kowane bango. Wandunan jins nake saya da rigunan yara. Abin da ya sa mutum irina yake iya shiga wannan gari ya fita lafiya shi ne gidan Baba.

Baba dattijo ne daga zangon Kumasi a ƙasar Gana. Sana'arsa tura kayan mutane gida a kwantena. Yana da haya a can saman wani dogon bene, falo babba da ɗakuna, da katifu jingine a bango. Duk wanda ya sauka daga jirgi ya yi sallama a ƙofar, za a ba shi ruwa, Baba ya raka shi wurin hukuma a yi masa rajistar masauki kamar yadda dokar ƙasar ta ce, sannan a nuna masa katifa. Da safe wurin shan shayi sai Baba ya tambaya wa zai je kasuwar tufafi ta Baima, wa zai je Xintang garin masu ɗinka jins. Wanda ya san hanya ya ja wanda bai sani ba. Haka nake zuwa ko'ina, ina bin bayan wani. In aka rufe gidan nan, ni da ƙasar Sin mun rabu, wannan kuma kowa a gidan ya sani.

Doka ɗaya ce a gidan, ba a tambayar baƙo ranar tafiyarsa. Ko Baba da kansa, in yana son sanin lokacin da zai sa kayanka a kwantena, sai dai ya ce, "Ɗana, kaya sun haɗu?" Kai ne za ka faɗi ranar da bakinka in lokacin ya yi. Na taɓa ganin wani mutumin Tamale ta Gana da masana'anta ta ja masa rai har damina ta wuce yana gidan, ban ji an ɗaga masa gira ba.

Wata shekara na iso na tarar ciwon suga ya ci ƙarfin Baba. Ƙafafunsa sun kumbura, salla ma a kan kujera yake yi. Amma fuskarsa a sake, domin ɗansa zai zo daga Ingila ya karɓi ragamar aikin. Da can mun san Baba ya zauna a Ingila yana saurayi, kuma ya baro mata da ɗa a can, sai dai ba ya yawan zancen. Ɗan ya iso daidai lokacin baje kolin Pazhou, gari cike da baƙi. Sa'ana ne, dogo kamar ubansa, mai fara'a. Yana jin Hausar zango, wadda ya koya wurin mahaifiyarsa, sai dai in kalma ta ɓace masa ya cike da Turanci. Ya gaishe mu hannu bibbiyu, shi yake wanke wa uban ƙafa ya shafa magani. Na ce a raina Baba ya dace.

Ranar Juma'a bayan masallaci akan yi tuwon zafi da miyar ayoyo irin na mutanen Gana, a zuba a manyan faranti a falo. A farantinmu akwai ni, da ɗan Baba, da wani abokina ɗan layinmu a kasuwa wanda ya fi ni jari nesa ba kusa ba, da wani Badamagare mai sayen takalma, wanda zuwansa na biyu ke nan. Baba yana gefe a kujerarsa da ɗan kwanonsa. Kanawa da Damagarawa kuwa ba ma haɗuwa mu rabu ba mu taɓa juna ba.

Badamagaren ya dubi abokina ya ce, "Bakano, ajiye wayar nan ka ci abinci. Ku ko liman ya yi muku addu'a sai kun nemi ragi."

Abokina ya ce, "Rufe mana baki, bawan Kanawa. Jiya a kasuwa wa ya tsaya yana yi wa lawban, mai shago, Faransanci? Mutum yana ce maka meyo, babu, kai kana ta ce masa mushe, mushe."

"Ai ya gane. Da ya ga ni ba Bakano ba ne sai ya fito da mai kyan."

Muna cikin dariya ɗan Baba ya juyo gare ni, da murmushinsa, ya ce, "Alhaji, kai yaushe za ka koma?"

Loma tana hannuna, na kasa kai ta baki. Har masu ci a ɗaya farantin suka ɗago. Na ji kunya ta rufe ni kamar an kama ni da hannu a aljihun wani. Na daure na ce, "In kaya sun haɗu, in Allah ya yarda."

Ya ce, "A'a, rana nake nufi. Ina son in san ranar kowa."

Na dubi Baba. Ya ajiye cokali yana kallon ɗansa. Ɗan bai lura ba, ko kuma ya lura bai damu ba. Ya goge hannu ya gyara zama ya fara bayani a natse, kamar wanda ya saba faɗin maganar. Ya ce gida kamar ƙasa yake, yana da iyakar abin da zai ɗauka. In aka bar ƙofa a buɗe, masu shigowa za su fi masu gida yawa, wata rana mai gida ya wayi gari shi ne baƙo a falonsa. Ya ce maƙwabta Sinawa sun fara tsuke fuska a lif, kuma ba laifinsu ba ne, unguwarsu ce take sauya kama a gabansu. Ya ce akwai waɗanda suka zo da tsari suka gina suna, akwai kuma masu zuwa su ci daga abin da ba su gina ba. Taimakon da za a yi wa irin waɗannan, in ji shi, shi ne a sauƙaƙa musu hanyar komawa.

Ina jira wani ya tanka. A gidan akwai waɗanda suka fi ni baki, akwai waɗanda Baba ya yi jinya da hannunsa. Sai na ji muryar abokina.

"Wallahi gaskiya ka faɗa, ranka ya daɗe. Mun daɗe muna gani muna shiru. Da can mu kaɗan ne, Sinawa suna ganin girmanmu. Yanzu kowa ya sayar da akuya sai ya hau jirgi. Musamman mutanen Nijar, sun ɓata mana kasuwa."

Badamagaren ya buɗe baki yana murmushi, yana shirin ramawa, ya ɗauka wasan ne ake ci gaba. Ya dubi fuskar abokina, murmushin ya tsaya. Ya janye hannunsa daga farantin a hankali ya ɗora a gwiwa. Wannan ya fi tambayar da aka yi mini girgiza ni. Abokin nan nawa a gidan Baba ya fara kwana a ƙasar Sin, da jaka ɗaya, a katifar da ke kusa da tawa. Ni na ba shi aron bargo.

Sai Baba ya yi gyaran murya. Ya kira ɗansa da sunan da yake kiransa tun yana ƙarami, ya ce, "A ina ka samo wannan magana?"

"Baba, tunani ne kawai. Kowa ya san haka."

"Ni na san inda ka samo ta. Na riga ka jin ta, tun ba a haife ka ba."

Ban taɓa jin Baba ya yi doguwar magana irin ta ranar ba. Ya ce mahaifinsa soja ne, ya yi wa Turawan Ingila yaƙi a babban yaƙin duniya, ya dawo da tari da lambar girma. Bayan yaƙin Turawa da kansu suka ce a zo, maza sun ƙare musu, masana'antu babu hannu. Shi ya sa da ya tasa ya hau jirgin ruwa ya tafi, ya sami aiki a inda ake narka ƙarfe. Ya ce da farko sanyi ne kawai abokin gabarsa. Sannan wasu manya a jam'iyyar masu ra'ayin riƙau suka gano cewa in ka tsorata mutane da baƙo, ƙuri'a tana zuwa. Suka dinga hawa mumbari suna cewa baƙar fata za su fi ’yan ƙasa yawa, sun cika asibiti da makaranta, unguwanni sun sauya kama, gara a taimaka musu su koma inda suka fito.

"A ɗakin cin abincin ma'aikata na ga ɗaya daga cikinsu a talabijin," in ji Baba. "Mutum ne mai ilimi, da kwat mai kyau, ba ihu yake yi ba. Kamar yadda ka zauna yanzu ka tsara mana. Washegari wani Bature da muke aiki kafaɗa da kafaɗa, wanda muke shan shayi a buta ɗaya, ya dafa ni ya ce yaushe zan koma gida. Da murmushi ya tambaya. Daga nan sai mai kanti, sai matar maƙwabcinmu, sai direban bas. Da zagina suka yi da na san abin da zan ce. Tambaya ce kawai, shekara da shekaru, har na gaji na ba su amsa na tafi."

Ya numfasa, ya ce yana can labari ya iske shi cewa a Gana ma an kori baƙi. An ɗora kawunsa a babbar mota, mutumin da aka haifa a zangon Kumasi, aka kai shi ƙasar da bai taɓa gani ba, don kawai kakansa daga arewa ya zo da fatauci. Ya nuna ni da abokina da haɓa ya ce, "Ku ma a Najeriya da naku lokacin ya zo kuka kori namu. Maganar ɗaya ce, harshe kawai ake sauya mata. Shi ya sa ranar da na kama gidan nan na ce ba za a yi wa kowa tambayar nan a cikinsa ba."

Ya sake duban ɗansa. "Kai kanka an yi maka ita a makaranta. Ka dawo kana kuka, kana tambayata ina ne za mu koma, kai da aka haifa a asibitin bayan layinmu. Ka manta?"

Na ɗauka a nan maganar za ta ƙare. Na ɗauka zai sunkuyar da kai ya ce Baba ka yi haƙuri. Har na fara jin tausayinsa.

Ya ce, "Ban manta ba, Baba. Kai ka tafi, mu muka zauna. Ni da Umma muka sha abin da ya biyo baya. Na yi karatu, na yi aiki, ban taɓa karɓar sadakar gwamnati ba, har suka daina yi mini tambayar. Mutanen can bakinsu ya yi kaushi, na yarda. Amma a batun yawa ba su yi ƙarya ba. Ni a jam'iyyarsu nake yanzu. In zaɓe ya zo ni nake bi gida gida ina ƙwanƙwasa musu ƙofa."

Wani a ɗaya farantin ya yi salati da ƙarfi. Ni dai kallon ɗan Baba nake yi, ina neman alamar wasa a fuskarsa, babu. Baba bai san da wannan ba, a idonsa na gani. Ya riƙe hannun kujera ya ce da ƙaramar murya, "Kai suke nufi fa. Da ni da kai."

"A da ke nan, Baba. Yanzu wasu ake nufi."

Tuwo ya huce a faranti. Abin da ya fi damuna shi ne ɗan Baba ba mugu ba ne. Da safen nan na gan shi durƙushe yana yanke wa ubansa farce. Kuma ga shi ya ɗauko maganar da ta raba shi da uban nan tun yana yaro, ya haye teku da ita, ya juye ta cikin Hausa, ya ajiye mana a gaban abinci. Abokina kuma, wanda bai taɓa taka Ingila ba, bai san sunan ko ɗaya daga cikin ’yan siyasar nan ba, ya karɓe ta nan take kamar da ma tasa ce.

Daga ƙarshe Baba ya ce, "Muddin ina cikin gidan nan, ba a tambayar kowa." Ya juyo gare ni. "Ɗana, ci abincinka." Ya dubi Badamagaren. "Kai ma mayar da hannunka." Muka mayar don girmansa, amma ban san abin da na haɗiya ba.

Sauran kwanakin gidan ya zama wani iri. Ana gaisawa, ana salla tare, amma wasa ya mutu. In Badamagaren ya shigo falo sai a rage murya. Mutane suka fara faɗin ranar tafiyarsu tun ba a tambaye su ba, suna ɗaga murya don ɗan Baba ya ji. Abokina ya koma bin sa zuwa Pazhou, suna dawowa da jakunkunan samfur suna hira da Turanci. Na same shi shi kaɗai a matattakala na ce, "Haba Alhaji, me Badamagaren nan ya yi maka?"

Ya ce, "Kai ba ka gane duniya ba. Tsoho ya kusa tafiya, gida zai koma hannun wani. Ka san inda za ka tsaya."

Kayana suka haɗu, na yi wa Baba sallama. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ya ce in gaida iyali. Ina Kano na ji an mayar da shi Kumasi, ciwon ya kai sai da mai kula a kusa.

Da kaka ta zagayo na sake shiri. Iyalina ta ce in fara kiran waya in ji ko akwai wuri. Na ce gidan Baba ba a kiran waya, sallama ake yi. Daga filin jirgi na nuna wa mai tasi hoton benen a wayata kamar yadda na saba, ya kai ni. Da hantsi ne. Na hau, na tarar an sauya ƙofar, an sa irin mai lambobin da ake dannawa. Na yi sallama na ƙwanƙwasa. Abokina ne ya buɗe. Ashe ɗan Baba ya koma Ingila ya bar masa kula da gidan da ofis.

Ya yi mini sannu da zuwa, ya tambayi mutanen gida da kasuwa, duk yana tsaye a bakin ƙofa, hannunsa ɗaya a jikin ƙyaure. Sannan ya ce, "Alhaji, sai dai haƙuri. Gidan ya cika."

Ta saman kafaɗarsa ina hango falon. Ba kowa. Katifun suna jingine a bango, an ɗaure su da igiya.

Na ce, "Ya cika?"

"Tsari ne aka kawo. Yanzu sai wanda yake cika kwantena shi kaɗai, kuma sai ya sanar tun yana gida. Ba ni na sa dokar ba." Ya ciro waya ya nuna mini wani rubutu. "Ga sunan wani otal nan, ba shi da tsada. Ka hau jirgin ƙasa, ka sauka a tasha ta kusa da shi."

Ya san ba na karatu. Shekaru yana karanta mini saƙon masana'anta. Na dubi rubutun, na dube shi, ya kawar da ido. Na ce na gode, na ja jakata na koma lif.

A ƙasa na tsaya a bakin titi, motoci da babura suna wucewa. Ban yi fushi ba a lokacin, mamaki ne ya cika ni har na rasa ta ina zan fara. Hanya ɗaya na sani da ƙafa, wadda take zuwa layin masu abincin Musulmi, don haka na bi ta ina jan jaka. A wani shagon taliya na hango Badamagaren. Shi tun a waya aka gaya masa kada ya zo gidan. Ya ga jakata, ya ga fuskata, bai tambaye ni komai ba. Ya jawo mini kujera ya ce, "Zauna, Bakano. Yau ka zo hannun iyayen gidanka."

Ɗakinsa ƙarami ne, gado ɗaya, muka sauke katifar ƙasa ya bar mini ita, shi ya kwanta a kan katakon da bargo. Ya raka ni rajista, ya kai ni Baima. Amma harkar takalma daban take da tawa, kasuwarsu wani gefen gari ce, kuma ba zan ce mutum ya bar abin da ya kawo shi ya yi ta yawo da ni ba. Xintang ban samu zuwa ba ko sau ɗaya. Na sayi abin da na samu a kusa, ba irin wanda masu saye a wurina suka saba da shi ba. Tun kafin in ɗaure kayan na san ba zan sake zuwa ba, kuma ban sake ba. Yanzu saƙo nake ba wa masu tafiya.

Ana gobe zan tashi na ce Badamagaren ya nemo mini lambar Kumasi a wayata. Wata mata ta ɗauka, ta kai wa Baba. Muryarsa ta yi rauni amma ya gane ni.

"Ɗana, kana ina?"

"Ina Guangzhou, Baba."

"Madalla. Ka sauka lafiya? Su wa ka tarar a gida?"

Na so in ce kowa yana nan lafiya. Amma Baba bai taɓa yi mini ƙarya ba. Na ce, "Baba, ban kwana a gidan ba. An ce ya cika."

Ina jin numfashinsa da kukan kaji a bayansa. Can ya ce, "Wa ya ce maka?"

Na faɗa masa. Sannan ya tambaye ni inda nake kwana, na ce wurin mutumin Damagaram. Ya ce in ba shi wayar. Na miƙa. Ban ji abin da Baba yake cewa ba, sai dai na ga Badamagaren ya miƙe tsaye ya cire hularsa, yana ta cewa, "A'a Baba, ba kai ka yi mana ba. Wallahi ba kai ba ne, ka daina." Da ya dawo mini da wayar, matar ce a kai. Ta ce Baba ya gaji, mu bar shi ya huta.